A Ceto Tsofaffin Finafinanmu Kafin Su Ruɓe a Gwangwani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi magana kan ƙorafin da masu kallo suke yi cewa finafinan Hausa sun maƙale a soyayya da rikicin kishiyoyi. Da ba haka abin yake ba.

Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa zamanin cinikin bayi, aka ƙetare Sahara da shi, uwar ta bi sawunsa, shi kuma ya zama malami. Bauta, neman ilimi da ƙaunar uwa duk a fim guda. Sarraounia na Med Hondo, a 1986, ya nuna yadda Sarauniyar Lugu, wani gari a ƙasar Nijar ta yau, ta tari sojojin Faransa a 1899. Maitatsine na Sule Umar kuwa ya taɓo rikicin Kano na 1980. Matashin marubucin da bai taɓa ganin waɗannan ba, ina zai koyi faɗin filin da ke gabansa?

Abin da ke hana shi gani shi ne lalacewar faifan. Zafi da laima suna sa tsohon fim ya fara fitar da tsami, ya riƙa wari kamar ruwan kal, ya motse, ya lanƙwashe har na'ura ta kasa jansa. Tsamin yana kama na kusa da shi, don haka da an ji warin sai a ware gwangwanin da fim ɗin yake ciki, sauran a kai su ɗaki mai sanyi, marar danshi. Kaset ɗin bidiyo na shekarun 1990 kuma fumfuna ke ci. In aka cusa shi a na'ura ba a goge ba, zai ɓata kan na'urar, zaren ma ya tsinke.

Aikin ba ƙarami ba ne. Faifan silima na 35mm mai tsawon ƙafa 1,000 minti 11 kacal yake ɗauka, hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma ɗaya bayan ɗaya ake kwafe su zuwa kwamfuta, bayan an wanke an liƙe inda ya yage. Amma yana yiwuwa: haka aka farfaɗo da Shehu Umar har aka haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Ina kira ga Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos da ta fara ƙirga abin da ya rage a ma'ajiyarta da gidajen talabijin na jihohi, a soma kwafe waɗanda suka fara wari.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano