Gaisuwar Sallah daga Taipei

Assalamu alaikum Inna da Baba,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Da safe muka yi Idi a Babban Masallacin Taipei, sahu cike da 'yan Indonesiya. Ana sallamewa kowa ya nufi wurin aikinsa, don nan ba a ba da hutun Sallah. Ba kiɗa, ba dawakai, ba yaron da ya tare ni neman goron Sallah.

Ƙawata ta ga na yi jugum, ta ce in tashi mu je garinsu, Wulai, can cikin duwatsu kudu da Taipei. 'Yar ƙabilar Atayal ce, tun kafin zuwan Sinawa kakanninta suke tsibirin nan na Taiwan. Baƙi na tururuwa don ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, su kuma sai su nuna musu rawarsu da saƙarsu. Na ga wata tsohuwa zaune, ƙafafu a miƙe, masaƙa ɗaure a ƙugunta, zarenta na wata ciyawa mai kama da ramarmu. A da, sai mace ta ƙware a saƙa ake yi mata zanen fuska. Japanawa, da suka mulki Taiwan daga 1895 zuwa 1945, suka hana. Sai tsagar Kaka ta faɗo mini a rai. Da kuɗin baƙin nan 'yan matansu ke komawa koyon saƙa, abin ya burge ni ƙwarai.

Na ci shinkafar da suke dafawa cikin gora, da wani yajinsu, maqaw, mai ƙamshin lemon tsami. Tsiren aladen daji kuwa na kauce masa, Baba kada ka damu.

Amma Inna, suna noma gero! Ƙanana ne ƙwayoyin, giya suke yi da shi, ba wanda ya san fura. Na damƙi zangarniya ɗaya, hawaye suka zubo. Furarki nake so, wadda kike kirɓawa da citta da kanumfari, a dama da kindirmo a ƙwaryar nan mai ɗinki, ludayi ɗaya muna karɓa-karɓa. Yau wa ya karɓi ludayi bayan Auta?

A gaida Kaka, a gaida Kaka, a sake gaida Kaka, a ce na saya mata mayafin saƙar hannu, ta ci gaba da sa ni a addu'a. A gaida Goggo da ciwon ƙafarta, Yaya da amaryarsa, su Kawu duka. Auta ya aiko mini hoton ɗinkinsa.

Taku har kullum,
'Yarku