Sarkin da Ya Ji Gaskiya a Ɓoye, Ya Ƙi Ta a Fili

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A ƙasar nan, duk sa'ad da aka so a siffanta shugaba mai taurin kai, sunan Fir'auna ne yake fara zuwa baki, kuma Musulminmu da Kiristanmu babu wanda bai san labarinsa ba, yadda ya ga aya bayan aya amma ya ƙi sakin Bani Isra'ila har ruwa ya ci rundunarsa. Ban yi musun wannan ba. Sai dai na lura cewa yawan kiran sunan Fir'auna ya zama mana maɓuya, domin kowa ya dubi kansa sai ya ga ai shi ba ya tsawa, ba ya ƙwace, ba ya cewa babu wanda ya isa da shi, daga nan sai hankalinsa ya kwanta cewa maganar taurin zuciya ba da shi ake yi ba. Akwai wani sarki a cikin Littafi Mai Tsarki wanda ba kasafai ake wa'azi a kansa ba, wanda a ganina ya fi Fir'auna kama da shugabannin da muke gani a unguwa da wurin ibada da wurin aiki, har ma da mu kanmu a cikin gidajenmu. Shi ne Zadakiya, sarki na ƙarshe da ya hau gadon sarautar Yahuza a Urushalima.

Sunansa na asali Mattaniya, ɗan sarki Yosiya. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima da yaƙi, ya tafi da sarki Yekoniya da manyan gari da gwanayen sana'a zuwa bauta, sa'an nan ya ɗora Mattaniya, baffan Yekoniya, a kan karaga, ya canza masa suna, ya kuma rantsar da shi da sunan Allah cewa zai yi biyayya. Babiloniyawa ma sun rubuta wannan a kan allon yumɓu wanda yake ajiye a gidan tarihi na Birtaniya a Landan, inda aka ce sarkinsu ya ci birnin, ya naɗa sarkin da ya ga dama. Shekarun Zadakiya 21 a lokacin, kuma ya yi shekara 11 yana mulki, amma daga baya ya karya rantsuwar nan, shi ya sa rundunar Babila ta dawo ta yi wa birnin ƙawanya.

Littafin Tarihi na biyu, sura 36, ya yanke masa hukunci da kalmomi masu nauyi, cewa bai ƙasƙantar da kansa a gaban annabi Irmiya ba, kuma ya taurare wuyansa da zuciyarsa. Na yi shekaru ina koyar da matasa a majami'a, wannan hukunci yana ɗaure mini kai, domin idan mutum ya buɗe littafin Irmiya, daga sura 37 zuwa 38, wanda zai tarar mutum ne mai sanyin hali, wanda yake aika wa annabi cewa a yi masa addu'a, wanda ma yake tausayinsa. Lokacin da fadawa suka doki Irmiya suka kulle shi a gidan Yonatan magatakarda, sarki da kansa ya sa aka kawo shi fada a asirce, ya tambaye shi ko akwai wata magana daga wurin Ubangiji. Irmiya ya ce akwai, za a ba da kai a hannun sarkin Babila. Sarki bai fusata ba. Ya sa aka mai da shi farfajiyar masu tsaro, aka riƙa ba shi gurasa ɗaya kowace rana daga layin masu toya gurasa, har ranar da gurasa ta ƙare a birnin. To, ina taurin zuciya a nan?

Amsar tana cikin abin da ya biyo baya. Manyan fada huɗu, cikinsu har da Yukal ɗan Shelemiya da Gedaliya ɗan Fashur, suka zo suka ce a kashe Irmiya domin maganarsa tana karya gwiwar mayaƙa. (Waɗannan mutum biyu an haƙo tambarin hatiminsu a kan yumɓu a tsohon birnin Dawuda da ke Urushalima, ɗaya a 2005, ɗaya a 2008, kusa da juna.) Sarkin da ya san annabin nan bai yi laifin kisa ba, wanda da bakinsa ya nemi shawararsa, sai ya ce musu ga shi nan a hannunku, sarki ba shi da ikon hana ku. Suka zura Irmiya da igiya cikin wata rijiya da babu ruwa sai laka, ya kafe a ciki. Wanda ya yi ƙarfin halin zuwa gaban sarki a ƙofar Biliyaminu, a bainar jama'a, ya ce abin da aka yi wa mutumin nan mugunta ne, shi ne Ebed-melek, Bahabashe, baƙo kuma bawan fada. Sarki ya ce masa je ka fitar da shi, kamar yadda ɗazu ya ce wa fadawa ku je ku yi yadda kuka so. Ebed-melek ya shiga ma'ajin fada ya kwaso tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zura su, ya ce wa annabi ya sa a hammatarsa kada igiya ta yanke shi. Duk sa'ad da na karanta maganar tsummokin nan, sai in ga bawa ya yi tunanin da ya kamata a ce sarki ne ya yi.

Ganawarsu ta ƙarshe ita ce ta warware mini matsalar. A ƙofa ta uku ta Haikali aka yi ta, a asirce kamar kullum. Irmiya ya ce masa, in na gaya maka za ka kashe ni, in na ba ka shawara ba za ka ji ba. Sarki ya rantse ba zai kashe shi ba, amma game da jin shawara bai ce uffan ba. Irmiya ya shimfiɗa masa hanya a fili, cewa in ya fita ya miƙa kansa ga sarakunan yaƙin Babila, zai rayu, iyalinsa za su rayu, kuma ba za a ƙone birnin ba. Zadakiya bai ce annabin ƙarya yake yi ba, bai kuma ce yana da wata dabara da ta fi wannan ba. Abin da ya ce shi ne yana tsoron Yahudawan da suka riga suka koma wajen Kaldiyawa, wato mutanen Babila, kada a ba da shi a hannunsu su wulaƙanta shi. Ranka ya daɗe, a dubi abin da aka ɗora a kan ma'auni. A gefe ɗaya birni ne cike da mata da yara da yunwa ta fara ci, da Haikali, da 'ya'yansa na cikinsa, a ɗaya gefen kuma dariyar wasu mutane da a da talakawansa ne, kuma dariyar ce ta rinjaya. Mun saba raba tsoro da girman kai, mu tausaya wa matsoraci mu tsani mai girman kai, amma tsoron da ba na rai ba ne, tsoron abin da za a ce, girman kai ne da ya sunkuyar da kai ƙasa. Kafin su rabu ma sai da ya roƙi Irmiya kada kowa ya ji abin da suka tattauna, har ya tsara masa abin da zai faɗa wa fadawa in sun tambaye shi.

Wannan hali bai tsaya a kan annabi kaɗai ba. Da ƙawanyar Babila ta matse, sarki da manyan gari suka yi alkawari a Haikali cewa kowa zai 'yanta bayinsa Ibraniyawa, har suka yanka ɗan maraƙi gida biyu suka ratsa tsakani. Da rundunar Masar ta taso, Kaldiyawa suka janye na ɗan lokaci, sai kowa ya bi bawansa ya kamo. Tuban da tsoro ya kawo ya tafi tare da tsoron.

Kaldiyawa kuwa suka dawo. Tun farko an fara kewaye birnin a shekara ta 9 ta mulkin Zadakiya, a wata na 10, aka huda garu a shekara ta 11, a wata na 4, wato wajen 587 ko 586 kafin haihuwar Almasihu. Sarki ya sulale da dare ta ƙofar da take tsakanin garu biyu kusa da lambun fada, aka bi shi aka kama shi a filayen Yariko, sojojinsa duk sun watse sun bar shi, daidai da abin da Irmiya ya ce matan fada za su rera masa, cewa aminansa sun yaudare shi, da ƙafarsa ta kafe a laka sun juya masa baya. Aka kai shi Ribla gaban Nebukadnezzar, aka yanka 'ya'yansa yana kallo, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu, aka ɗaure shi da sarƙar tagulla zuwa Babila, inda ya mutu a kurkuku. Hausawa suna cewa in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba, kuma ban san wanda maganar nan ta faɗa wa da nauyi irin wannan mutum ba. Yekoniya kuwa, wanda ya fita ya miƙa kansa tun farko ya sha kunyar da baffansa ya guje wa, an fito da shi daga kurkuku a shekara ta 37 ta bautarsa, ya ƙare rayuwarsa yana cin abinci a teburin sarkin Babila.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a unguwarmu, a gefen garin Gombe. Duk wanda ya san garin nan ya san yadda kwari yake cin ƙasa kowace damina, domin ƙasar yashi ce, ruwa kuma yana gangarowa da ƙarfi. Muka kafa ƙungiyar unguwa, Musulmi da Kirista, muka bi gida gida muka tara kuɗi domin gina magudanar ruwa, ni ne kuma nake rubuta bayanan taro. Akwai wani dattijo magini a cikinmu da ya ce dole a fara aikin daga sama, inda ruwan yake haɗuwa, a jera duwatsu a cikin ragar waya a rage masa gudu, in ba haka ba duk simintin da aka zuba a ƙasa ruwa zai haƙe ƙarƙashinsa. Amma wasu masu hannu da shuni, waɗanda gudummawarsu ta fi ta kowa, suka nace a fara daga ƙofar gidajensu, kuma shugabanmu ya riga ya amsa musu a gaban taro.

Shugaban nan mutumin kirki ne, bai taɓa cin ko sisin ƙungiya ba, kuma har gobe zan ba da wannan shaida. Wata rana da dare ya zo zaurena, ya sa aka kira maginin, ya ce masa, "Baba, tsakaninka da Allah, aikin nan zai tsaya?" Dattijon ya ja fitila kusa, ya zana masa hanyar ruwan da yatsa a kan ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zai ga ƙarshen damina ba." Shugaba ya yi shiru mai tsawo yana murza hularsa a hannu, sa'an nan ya ce ya san gaskiya ce, amma in ya juya yanzu za a ce ba shi da magana ɗaya, kuma ya roƙe mu maganar ta tsaya a zauren nan. Ranar taro dattijon ya ɗaga hannu, aka yi masa ca, aka ce tsufa ne ko kuma kwangila yake nema. Shugaba ya kafa wa takardarsa ido bai ɗago ba. Ni ma ban ce komai ba, kuma da na zo rubuta bayanin taron, na tsallake maganar dattijon gaba ɗaya.

A cikin watan Agusta aka yi ruwa kwana biyu a jere. Ruwa ya shiga ƙarƙashin sabon simintin ya kifar da shi, ya canza hanya, ya rushe katanga da ɗakin girki na wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu. Da safe na tarar da ita tana tono tukwanenta daga cikin laka da hannu, buhun masararta ya jiƙe sharkaf, ƙaramar 'yarta tana riƙe da murfin tukunya tana kallonmu.

Abin da ya fi rushewar katangar tayar mini da hankali shi ne yadda shugabanmu ya koma bayan haka. Na yi tsammanin zai tara jama'a ya ce an gaya mini ban ji ba. Maimakon haka sai ya ce ƙaddara ce, ya daina gaisawa da maginin, in ya hango shi sai ya canza hanya, yanzu ma ko sunan dattijon aka ambata sai ransa ya ɓaci. A nan ne na fahimci hukuncin da littafin Tarihi ya yanke wa Zadakiya. Zuciya takan taurare a hankali, kamar laka da rana take dukanta kowace rana. Duk sa'ad da mutum ya ji gaskiya ya ajiye ta saboda kunyar mutane, kuɗin komawa gare ta yana ƙaruwa, domin gobe sai ya amsa laifin jiya da na yau, har a kai ranar da ganin fuskar mai gaskiyar ma ya zama masa azaba. Mutumin da ya zo zaurena da dare yana neman gaskiya, shi ne yau ba ya son jin ta, kuma shirun da na yi yana cikin abin da ya kai shi nan.

Dattijon nan shi ya zo da baro da shebur da yaransa biyu ya tayar wa gwauruwar katangarta, bai karɓi ko kwabo ba. Damina tana sake matsowa, kuma an sa taron ƙungiya a ƙarshen watan nan domin a sake tara kuɗi. Na je gidan shugaba da kaina, na gaishe shi da girmamawar da ta dace da shi, na gaya masa cewa ranar taron zan karanta abin da na tsallake a bayanin bara, zan kuma fara da amsa nawa laifin, na roƙe shi ya riga ni miƙewa ya faɗa da bakinsa, domin jama'ar unguwarmu suna ƙaunarsa kuma na tabbata za su karɓa. Ya raka ni har bakin ƙofa, ya ce zai yi tunani.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ja zamaninka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Gombe.