Wasiƙar godiya ga shagon gyaran injin da ya gano mini kamshaf ɗin Chevelle

Zuwa ga maigidan shagon da dukan ma'aikatansa, a nan gefen Detroit, jihar Michigan.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Na ga ya dace in yi godiyar nan a bainar jama'a, da harshena, don 'yan'uwanmu mazauna wannan yanki masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka su san akwai inda ake aiki da gaskiya.

Motata Chevrolet Chevelle SS 396 ce ta 1969. A hannun magada na saye ta, ba takarda ko ɗaya da ke nuna aikin da aka taɓa yi wa injin. Lambar da ke jikinsa ta nuna mai ƙarfin doki 325 ne, wanda kamfanin ke kira L35, irin da ya kamata ya yi sulo cikin natsuwa. Amma tawa in ta tsaya sai ta dinga gurnani tana jijjiga, bawul na ƙaf-ƙaf, birki kuma ya yi tauri. Wani gareji da na fara kai ta, ko bonet ba su gama ɗagawa ba suka ce a sauke injin a sa sabon kamshaf, wato sandar nan mai tudu-tudu da ke buɗe bawul-bawul na injin, kuɗi kaza.

Ku kuwa kuka ce a tsaya a san abin da ke ciki tukuna. Maigida, kai ka yi mini bayani cewa masu ƙera kamshaf sukan buga lamba a ƙarshen sandar, sau da yawa ta baya, wajen da ke fuskantar giya, inda ido ba ya kaiwa sai an zaro ta. Da kuka leƙa ta gaba ba ku ga komai ba. Sai ka ce to, tunda ba ta faɗi sunanta ba, a auna ta.

Wannan awon shi ne ya burge ni, kuma na gode da kuka bar ni na tsaya ina kallo. Kuka ɗaura faifan digiri a bakin kuranshaf, kuka nemo daidai inda fistin na ɗaya ke kaiwa ƙololuwa, sannan kuka dasa agogon awo a kan tafet, wato ɗan ƙarfen da tudun kamshaf ke turawa sama. Yaronka yana juya injin da dogon sifana a hankali, kai kana bin allurar da ido kana rubutu a bayan wani kwali. Tudun kamshaf ɗin ya ɗaga inci 0.306. Da aka ninka da 1.7, wato yadda rokar wannan injin (ƙarfen da ke danna bawul) ke ƙara ɗagawar, sai bawul ya ba da 0.520. Tsawon buɗewar kuma, in an fara ƙirga daga inci 0.050 kamar yadda ma'aikatan wannan sana'a ke yi, ya kama digiri 242. Kana ganin haka ka yi murmushi ka ce ai wannan awon na injin L78 ne, ɗan'uwan L35 mai ƙarfin doki 375. Gani ya kori ji.

Ashe wani ne can baya ya sa wa injin kamshaf ɗin da ba nasa ba, tare da tafet irin na sandararren ƙarfe, ba mai aiki da matsin mai ba. Irin wannan dole a bar masa 'yar tazara, kuma a riƙa duba ta lokaci-lokaci. Tawa ta daɗe ba wanda ya taɓa ta. Taurin birkin ma daga nan yake, domin bawul da ke daɗewa a buɗe yana rage zuƙar iskar da birkin ke dogara da ita a sulo.

Kuka saita tazarar, kuka gyara taimin da kafireta, kuka gargaɗe ni kan baƙin mai: tsohon kamshaf irin wannan yana son mai wadatar sinadarin zinc, wanda aka rage a man motocin zamani, in ba haka ba tudun ya cinye. Ka kuma faɗa mini gaskiya cewa motar za ta ɗan yi nauyin tashi a ƙasa, sai ta hau gudu take nuna kanta, kuma in ina son laushi sai a mayar da na asali. Na zaɓi a bar shi. A ganina, bakanike da zai iya sayar maka da kaya amma ya ce naka lafiyarsa ƙalau, ba kullum ake samunsa ba, a nan ko a gida.

Kwalin nan da ka yi rubutu a kai, sakatariyarku ta buga shi a takarda mai kyau ta haɗa mini da rasit, don duk wanda ya gaji motar ya san abin da ke cikinta. Ita ma a miƙa mata godiyata. In Allah ya kai mu watan Agusta zan fito da ita taron tsofaffin motoci na titin Woodward, kuma zan biyo ta shago ku ji sulon da kunnenku.

Allah ya ƙara wa sana'a albarka, ya kawo kasuwa.

Naku,
wani Bakano mazaunin Michigan