Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da akwatin sarrafa rele

Malam Darakta, assalamu alaikum.

Ranar Alhamis 10 ga Afrilun 2025, ƙarfe 11 da minti 20 na safe, ma'aikacinku ya amso mini saƙo ta WhatsApp bayan shirun da kuka yi tun kafin azumi. Da Faransanci ya yi maganar, kuma muryar tana nan a wayata: "Alhaji, akwatin lafiyarsa ƙalau. Irin wannan kaya ba na kowa da kowa ba ne. Ku nemi wanda ya iya a can wajenku, in akwai." Na kira nan take, aka katse. Tunda kun rufe wannan ƙofa, bari in faɗa muku a bainar jama'a.

Mu ƴan tsiraru ne masu sha'awar rediyo a nan Zinder, da lasisinmu. Karo-karo muka yi muka kafa rele, wato tashar da ke karɓar magana ta sake watsa ta nesa, domin mai ƙaramar oba-oba a Birni ya ji ɗan'uwansa da ke Kara-Kara ko bayan gari. Tana karɓa a megahaz 145.025, tana watsawa a megahaz 145.625, tazarar kilohaz 600 kamar yadda aka saba. Abin da ya rage mana shi ne akwatin da zai raba murya tsakanin rele da rediyo ta biyu mai haɗa mu da Mirriya. Ranar 14 ga Janairun 2025 na aika muku jaka 480 na sefa, da jaka 15 kuɗin mota daga Yamai. A takardarku kun rubuta "sabo", kun rubuta garanti na shekara ɗaya.

Akwatin kafa uku gare shi. Ta ɗaya ta rele ce, ta biyu ta hanyar Mirriya, ta uku mun bar ta don intanet nan gaba. Idan mutum ya danna lambobin haɗi daga oba-obarsa, kafa ta biyu tana tashi, fitilar PTT mai nuna an tada mai watsawa ta kama, rediyon haɗi ta hau iska. Amma ba murya. Mutanen Mirriya suna ganin sigina cike a allonsu, ba sa jin komai sai shiru. Mun cire wayar muryar daga akwatin muka haɗa rediyo da rediyo kai tsaye, magana ta wuce tas. Mun sa mita a ƙafar da COS ke shigowa, wato siginar da ke gaya wa akwatin an karɓi kira, tana canzawa daidai duk lokacin da aka yi kira. Ke nan akwatin ya san ana magana, ya san zai tada mai watsawa, amma a cikin tsarinsa ba a buɗe hanyar murya daga kafa ta ɗaya zuwa ta biyu ba. Wannan gyaran minti biyar ne ga wanda aka bari ya shiga tsarin.

A kafa ta ɗaya ma muryar da ke fita siririya ce, tsinin sauti ya yi yawa har kunne ya gaji. Dalilin a fili yake. Mun ɗauko murya daga discriminator, wato inda take fitowa ɗanya a cikin rediyo kafin a tace ta, ba daga lasifika ba, don sautin CTCSS na haz 88.5, ɗan sautin ƙasa-ƙasa da ke buɗe rele, ya iso, shi kuwa irin wannan sauti sai an rage masa tsinin da rediyon mai magana ta ƙara masa, desibel 6 a kowace oktaf, wato duk lokacin da mitar sauti ta ninka. Akwatin yana da wurin zaɓen haka. Takardar da kuka sako a kwali shafi huɗu ce, fotokofi, rabinta ba ta karantuwa, kuma ba ta nuna wurin ba. Ga sautin DTMF, wato ƙarar maɓallan lambobin da ake dannawa, yana fita iska, duk mai saurare yana iya naɗar lambobin sarrafa relenmu.

Duk wannan a kwamfuta ake saita shi, ku kuma kun kulle da kalmar sirri. Da na nema a watan Fabrairu, aka ce sai na biya jaka 75 na "hidimar saiti". Na tambaya a wace takarda aka rubuta haka, aka ce za a kira ni. Na yi ta kira, wata rana a ce injiniya ya tafi tafiya, wata rana a ce yana masallaci. Wa ke sayen gida a riƙe masa makulli?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kiran shaida. Kowane ɗan lokaci akwatin yana buga sunan tasha da haruffan Mos, wato ƙara gajeru da dogaye. Sunan da yake bugawa da harafin F ya fara, na Faransa ke nan. Namu na Nijar da 5U suke farawa, kowane mai lasisi ya san haka. To yaya aka yi sabon akwati ya zo da sunan tashar wani a cikinsa? Kuma da na buɗe murfin, sai ga tabon dalma a gefen kafa ta biyu, da alamar an taɓa cire wani abu an mayar. Dole muka kashe rele gaba ɗaya, don ba za mu bar tasharmu tana shelar sunan wata ƙasa daga tsakiyar Damagaram ba, alhali mu hukumar kula da sadarwa ta ARCEP za ta tambaya, ba ku ba.

Ga buƙatata, Malam Darakta. Ku aiko da kalmar sirri da cikakken littafin akwatin, ba tare da ko dala ba. Ku rubuto a takarda mai hatiminku ko sabo ne ko tsoho. In tsoho ne, ku karɓi abinku ku maido da jaka 495 ɗinmu, kuɗin motar komawa kuma a kanku. Kuma ma'aikacin nan ya nemi afuwa, domin cikin waɗanda ya raina akwai dattijon da ya yi ritaya yana gyaran na'urorin watsa shirye-shirye.

Ba na jin mu kaɗai kuka yi wa haka. Kun lura tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne, kun san ba kowa zai hau mota ya zo ofis ɗinku da kwali a hannu ba. Shi ya sa kuke kwaso tsofaffin kaya daga Turai, ku goge, ku turo wa na nesa da kuɗin sabo, sannan ku kulle tsarin don a dawo a sake biyanku. Ina kira ga duk wanda ya sayi irin wannan akwati a Maraɗi, Tawa ko Diffa ya saurari sunan da nasa ke bugawa, ya buɗe murfin ya duba.

Na ba ku zuwa ranar 30 ga Afrilu. In ta wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai rasit, da hotunan cikin akwatin, da muryar ma'aikacinku gaban hukuma da ƙungiyar kare haƙƙin masu saye.

Wassalam,
Mai kula da relen masu sha'awar rediyo, Zinder.