Shekara tara ina aikin banki, zan koma karatu amma tambaya ɗaya ta tsaya mini a wuya

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da masu bibiyar wannan fili. Don Allah a sakaya sunana da na wurin aikina, domin abin da zan faɗa ko manajana bai san da shi ba, ga shi kuma abokan aikina da yawa ba sa bari shafin nan ya wuce su.

Shekaruna 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. Akanta na karanta a wata jami'ar tarayya a nan Arewa, ina gama bautar ƙasa na samu aiki a wani bankin kasuwanci a Kano, yau shekara tara ke nan. Daga kanta na fara ina ƙirga kuɗin mutane, aka mayar da ni farautar masu ajiya, yanzu ina sashen tantance masu neman rance. Na kuma kammala jarrabawar ICAN, ta ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya. A ido dai ba ni da wata damuwa, albashi na shigowa, ga 'yar motata. Amma shekara biyu ke nan ina shiri a ɓoye, ina so in yi digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, a ƙasar waje in Allah ya yarda.

Jarrabawar GMAT, wadda makarantun MBA ke nema kafin su ɗauki mutum, na fara tunkara. Kashi uku ce, kowane minti 45, makinta daga 205 zuwa 805. Na shiga da girman kai, ina ganin mutumin da ke kwana cikin lissafi ai ba zai sha wuya ba. Ashe a ɓangaren lissafin ma ba a yarda a taɓa kalkuleta ba, ni kuwa rabona da yin rabawa da ka tun ina sakandare. Na farko na samu 575. Wata biyar na yi ina karatu a cikin mota bayan sallar isha'i, a ƙofar gida, saboda in na shiga ciki yara ba za su bar ni ba. Na biyu ya ba ni 635. Kowane zama kusan dala 300 ya ci. An ce sakamakon yana aiki har shekara biyar, to wannan na ajiye shi gefe.

Inda na maƙale shi ne rubutun bayanin kai. Kusan kowace makaranta, da salo daban-daban, abu ɗaya take tambaya: me ya sa kake son MBA, me ya sa sai yanzu, kuma me za ka yi da shi in ka gama? Wani abokina da ya yi nasa a Ingila ya gaya mini gaskiya, ya ce ma'aikatan banki da kamfanonin zuba jari su ne suka fi cika layin, daga Legas, daga Mumbai, daga Landan, kowa da takardunsa masu kyau, don haka mai karantawa ba ya neman wanda ya iya lissafi, yana neman abin da ya bambanta ka da na gabanka. Na zauna na rubuta shafi biyu cewa burina in zama shugaban babban banki a Afirka, na zuba manyan kalmomi. Na ba uwargida ta karanta. Ta gama ta miƙo mini wayar, ta ce, "Baban Amira, wannan ai ba muryarka ba ce." Na ji haushi a daren, amma ta fi ni gaskiya.

Abin da ke raina daban ne. Wata kaka, wani dattijo ɗan kasuwar Dawanau ya zo neman rance zai sayi riɗi da zoɓo ya tara wa masu fitarwa waje. Ya zo da littattafan cinikinsa na shekara shida a cikin leda, wasu shafukan da ajami, wasu duk sun yi dabbare-dabbaren mai. Dare biyu na yi ina bin su layi-layi ina haɗawa da abin da ke shiga asusunsa, komai ya yi daidai har kwabo. Kuɗin da yake juyawa a kaka ɗaya ya fi na wasu kamfanonin da ke zuwa mana da kwat da lakataye. Na rubuta rahoto na goyi bayansa. Hedikwata ta dawo da fayil ɗin da layi biyu: babu takardar mallakar fili da za a riƙe jingina, babu rahoton mai binciken kuɗi. Ni aka bar wa aikin gaya masa. Ya tattara littattafansa ya mayar cikin ledar a hankali, ya ce, "Ba komai yaro, Allah ne bai yi ba," ya ajiye mini goro biyu a kan tebur ya fita. Har yau in na bi ta hanyar Katsina sai na tuna da shi. Kuma shi ma da ƙyar ya zo, irinsa da yawa ko ƙofar banki ba sa takawa saboda kuɗin ruwa.

To ni abin da nake so in koya shi ne yadda ake kafa gidan kuɗi da zai riƙe kayan da ke cikin sito a madadin takardar fili, ya sayi kaya ya sayar wa ɗan kasuwa da ribar da aka yi yarjejeniya a kai, ko ya biya manomi tun kafin girbi, ba tare da ruwa ba. Ba mafarki ba ne. Bankin Jaiz da ba ya mu'amala da ruwa ya fara aiki a 2012, irinsa TAJ ya biyo baya a 2019, sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 na naira biliyan 100 ne, kuma an saye shi kaf. Masu so suna nan. Abin da ban iya ba shi ne tara jari, haɗa ma'aikata, da shawo kan masu zuba kuɗi. Ni tantance fayil kawai na sani.

Sai dai in na rubuta wannan, tsoro biyu ke kama ni. Na farko, kada Baturen da zai karanta ya ga labarin buhun riɗi ƙaramin abu ne. Na biyu ya fi ciwo: in har Dawanau ce burina, me zai kai ni ƙasar waje? Wani lokaci ina tuhumar kaina cewa gajiya ce kawai, na gaji da taron safiyar Litinin da ake karanto sunan kowa da abin da ya kasa kawowa, shi ne nake lulluɓe guduwa da rigar karatu.

Sai maganar kuɗi. Manyan makarantun Amurka shekara biyu ne, in aka haɗa kuɗin makaranta da zama ya haura dala 200,000. Makarantar kasuwanci ta INSEAD da ke Faransa wata goma ne, kuɗin makarantar kaɗai wajen Yuro 100,000. Lokacin da na fara tari dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. Aka saki naira a Yunin 2023, kafin a je ko'ina dala ta haura naira 1,500, abin da na tara ya narke ina kallo. Akwai filin da ya zo rabona a gadon mahaifinmu, amma ko na sayar ba zai kai ni ko rabin hanya ba. Tallafin Chevening na Birtaniya yana biyan karatun shekara ɗaya da sharaɗin mutum ya dawo gida na shekara biyu, wannan bai dame ni ba tunda dawowar nake so, sai dai sun yi wa kuɗin MBA iyaka, ragowar kai za ka cika. Abokin nan nawa ya ce hanyar da kowa ke bi ita ce rancen ɗalibai daga kamfanoni irin su Prodigy Finance, a biya bayan an fara aiki. Rance ne mai ruwa, kuma da kuɗin waje za a biya. Kun ga inda na tsinci kaina, Malam: in ci bashi mai ruwa don in je in koyo yadda zan raba mutane da kuɗin ruwa. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce in duba ko akwai larura, ɗayan ya ce mai aiki da albashi ba shi da wata larurar MBA. Wani zai ce ai da ma a bankin ruwa kake aiki. Na sani, kuma yana cikin abin da ke hana ni barci. Bayan haka, wanda ya ci irin wannan bashi dole ya zauna can ya yi aiki shekaru kafin ya biya, Dawanau kuwa sai dai a hoto.

A gida ma kan bai haɗu ba. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu irin wannan karatu tafiya da iyali, ke nan uwargida da yara za su koma wurin Hajiya. Ita uwargidan ta ce in je. Hajiya kuwa cewa ta yi wannan sakin na hannu ne a kama na guje, mutane na neman aikin banki ido rufe ni ina neman hanyar fita. Yayana ya ce in yi a gida: ga makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero, ga ABU Zariya da ke da na karatu daga nesa, in kuma suna nake so ga Lagos Business School, duk ba sai na ajiye aiki ba. Maganarsa na da nauyi. Abin da ke sanyaya mini gwiwa shi ne a ofishinmu akwai masu MBA na ƙarshen mako har huɗu, bankin bai matsar da ko ɗaya daga kujerarsa ba. Na kuma duba jami'ar INCEIF da ke Malesiya, wadda babban bankin ƙasar ya kafa a 2005 don harkar kuɗi ta Musulunci. Ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ta fi kusa da abin da nake so, amma zuciya ta ƙi daina hangen manyan sunaye.

Na ƙarshe, makarantun suna son shaidar wanda kake aiki a ƙarƙashinsa yanzu, shi zai cike ya tura da kansa ta intanet. Manajana ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya riƙe magana. Wani abokin aikinmu ya taɓa neman irin wannan takarda, bai samu gurbin ba, ƙarin girma ya zo aka tsallake shi, aka ce ai mai shirin tafiya ne. Ga shi tun da Babban Banki ya ɗaga jarin bankuna a Maris 2024, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, manyanmu ke ba mu labarin 2005 lokacin da Soludo ke gwamnan Babban Banki, da bankuna 89 suka koma 25 mutane da yawa suka rasa aiki. Akwai tsohuwar shugabata da ta koma wani banki, ta san aikina sarai, ita ce ma ta sa hannu a rahoton dattijon nan. Ban sani ba ko shaidarta kaɗai za ta wadatar in na yi wa makarantar bayanin dalili.

Malam, ku taimaka mini da shawara. In rubuta labarin Dawanau yadda yake, ko in yi irin rubutun da kowa ke yi? In nemi manyan makarantun da niyyar cewa in babu cikakken tallafi na haƙura, ko kuwa ɓata dala 250 ne na kuɗin neman gurbi a kowace takarda, gara in nufi Malesiya ko in zauna gida tun yanzu? Kuma manajan nawa, in tunkare shi ko in kewaye shi? Zagayen farko na neman gurbi ya wuce ni a Satumba, na biyu yana rufewa a farkon Janairu, kuma har yanzu ban tura wa kowa saƙo ba. In akwai wanda ya bi wannan hanya daga aikin banki cikin masu karatu, ina roƙon ya turo ta hannunku.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani ma'aikacin banki daga Kano