Wasiƙa daga Dakar: nima na shiga gidan kiɗan, ga abinda idona ya gani

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya, ya aiki ya jama'a.

Kwanaki na karanta wasiƙar wani bawan Allah a shafin nan naku yana cewa wai duk yaron da aka tura ƙasar waje karatu ko koyon aiki to a gidan rawa yake ƙarewa, iyaye su farka. Ban ji haushinsa ba wallahi, dan akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai naga kamar Malam ɗin labari kawai yaji, ni kuwa ƙafata ta taka wajen, shi yasa nace bari nima in tofa albarkacin bakina ko za ku samu ɗan fili ku saka.

Ni ɗalibi ne daga Kano, IT wato koyon aiki na ɗalibai ya kawo ni Dakar babban birnin Senegal, wata huɗu zan yi a wani ofis, anan "stage" suke cewa da Faransanci. Sati biyar na farko daga ofis sai ɗaki sai masallaci, ko kasuwar Sandaga sau ɗaya na leƙa na gudo saboda 'yan talla sun kusa cire min riga. Ran wata Juma'a abokin aikina ɗan garin, wanda tebur ɗinmu ɗaya kuma shi yake fassara min Wolof in an juya harshe, ya dube ni yace kai mutumin Kano haka za ka koma gida ace ka zo Dakar baka ji sabar ba? Nace menene sabar. Yayi dariya har da buga tebur yace in shirya ƙarfe sha biyu zai zo ya ɗauke ni. Nace na rana gobe? Yace na dare, yau.

Abu na farko kenan da ya ɗaure min kai, mutanen nan basa fita da wuri. Sai an yi isha'i an ci abinci an zauna an sha ataya, shayin nan nasu mai kumfa da ake zagaye uku irin na Buzaye, wasu ma sai sun ɗan runtsa tukunna. Mun tsaya bakin titi muna ciniki da mai tasi, dan tasin Dakar mai ruwan ɗorawa da baƙi ba mita, bakinka shine mitarka, ya ce dubu huɗu abokina ya taya dubu ɗaya da rabi aka yi ta ja-in-ja kamar za a yi faɗa, ƙarshe aka daidaita a dubu biyu na sefa suna ta raha kamar ba su ba.

Wajen da ya kai ni yana kusa da jami'ar Cheikh Anta Diop, tsakar gida ne a buɗe da bishiyoyi da tebura, ɗan dandamali a gaba. Mun shiga sha biyu da rabi amma makaɗa ko zama basu yi ba, sai wajen ɗaya saura aka fara. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda ita na zo faɗa, ana sayar da giya a wajen, naga kwalaben Gazelle da Flag akan wasu tebura, bazan ɓoye ba. Amma teburin da ke gefenmu wani dattijo ne da babbar riga da matarsa ta sha ɗaurin ɗankwali kamar za ta biki, gabansu bissap ne wato zoɓonmu dai, ni kuma na sha wani da suke kira buy, ashe garin 'ya'yan kuka ne aka dama da madara, abinda muke tsotsa muna yara a ƙauye shi aka zuba min a kofin gilashi aka caje ni kuɗin da zan ci shinkafa da wake sau uku a gida.

To sai aka fara kiɗa. Malam Edita ban san yadda zan kwatanta maka ba. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga a kan dandamalin, mai jita biyu, mai busa, mai fiyano, sai masu ganguna. Sabar ɗin wata doguwar ganga ce ta itace an rufe bakinta da fatar akuya an ɗaure da turaku, hannu ɗaya tafi ɗaya kuma 'yar siririyar tsumagiya, in ya zuba mata sai kaji kamar ana fasa gyaɗa a saman kwano amma da tsari, kuma ba guda ɗaya bace, kowacce da muryarta, wata na riƙe da gindin kiɗan wata na yanka ta sama. Irin wannan kiɗan da aka haɗa sabar da kayan zamani shi suke kira mbalax. Sai can wani siririn saurayi ya fito da wata 'yar ƙaramar ganga a hammata yana matse ta yana saki da ɗan lanƙwasasshen makaɗi, kawai naji tsigar jikina ta tashi na miƙe tsaye ban sani ba, nace wa abokina ai wannan kalangu ne! Yace tama sunanta. Ta fi namu ƙanƙanta, muryarta ta fi kaifi, amma maganar iri ɗaya ce, yana zuwa gaban mutum ya kira sunansa da kakanninsa da ganga, mutumin ya tashi ya zaro kuɗi ya miƙa. Liƙi dai. Maroƙansu gewel ake ce musu, gado ne kamar yadda yake a wajenmu.

Har ƙarfe huɗu suna yi, babu wanda ya kunna waƙa a kwamfuta yana motsa baki. In mawaƙin ya ja baiti ya ƙara tsawo makaɗan su bi shi, in wata ta fito fili tana rawa mai sabar ya bar kowa ya koma kan ƙafarta, duk inda ta dire nan sandarsa za ta faɗi. A tsakiya suka sassauta suka yi wani mai sanyi irin na Kyuba, dattijon nan ya kama hannun matarsa suka taka a hankali, abokina yace wannan salon 'yan Orchestra Baobab ne, ƙungiyar da aka kafa tun 1970, mbalax ya zo ya ture su a shekarun 1980 har suka watse, sai a 2001 suka sake haɗuwa duniya ta karɓe su. Kuka dai ake nufi da baobab ɗin, kaga kuka ta bini har cikin kiɗa.

Asabar da yamma ya kai ni unguwarsu Madina, nan aka haifi Youssou N'Dour a 1959, mutumin da ya kai mbalax duniya, ya ci kyautar waƙa ta Grammy a 2005 da wani faifai na yabon shehunnan Senegal, a 2012 kuma aka bashi ministan al'adu da yawon buɗe ido. Mawaƙi fa, jikan maroƙa ta wajen uwa. A wani layi aka toshe hanya aka jera kujerun roba aka ja fitila, mata ne suka shirya abinsu, tannebeer suke kiransa, makaɗa takwas a gefe, mace ta faɗo fili da gudu tayi tsalle-tsallenta na minti ɗaya ko ƙasa da haka ta koma ta zauna ana shewa wata ta fito. Ba kuɗin shiga ba giya, yara a kan katanga, tsofaffi a ƙofar gida da carbi. Wasu rawar kam sai da na sunkuyar da kai, ba irin wadda zan so ƙanwata tayi bace, nace masa haka, yace shima kakarsa kullum faɗan da take yi kenan amma ita ta fi kowa zuwa da wuri ta kama kujera.

Daga nan ne muka yi kuskuren da Malam mai wasiƙa yake magana a kai. Wasu abokansa suka ce a wuce Almadies, can bakin teku inda masu kuɗi da Turawa suke. Gidan rawa ne sosai, ƙato a bakin ƙofa yana kallon takalminka, ciki duhu da hayaƙin shisha, DJ yana ta sakin waƙoƙin Legas da na baro a gida, kwalbar lemo ɗaya kuɗinta ya isa tasi zuwa da dawowa, ga 'yan mata da shigar da ba sai na faɗa ba. Minti arba'in nayi kaina ya fara sarawa nace ni fa tafiya zan yi. Wannan wajen in yaro ya maida shi gida to kuɗin makaranta da tarbiyya duk za su tafi tare, ban musa ba, kuma a Kano ma akwai irinsa wanda ya sani ya sani, ba sai an hau jirgi ba.

Muna fitowa yunwa ta taso, abokina yace bari in kaika wajen 'yan uwanka. Na ɗauka wasa yake. Sai gamu a wata rumfa hayaƙi na tashi, an rubuta dibiterie haoussa a jikin allo, ashe a Dakar gasasshen nama suna ne da shi dibi, kuma akwai wanda ake kira dibi haoussa dan Hausawan Nijar ne suke yinsa, da yajin ƙuli da suke ce wa kankan. Nayi sallama nace Baba sannu da aiki, tsohon ya ɗago da wuƙa a hannu ya kalle ni yace kai yaro daga ina? Nace Kano. Ai sai ya ajiye wuƙar ya miƙo min hannu biyu, mutumin wajen Tawa ne, yace ya fi shekara ashirin a garin. Na tambayi kuɗin nama yace jikka biyu, ni kuma a kaina jaka ɗari biyu ce irin lissafinmu na naira, na miƙa masa ɗari biyar ina jiran canji, yayi ta dariya yace ɗan Najeriya kenan, jikka a sefa dubu ce. Ƙarshe ma ƙin karɓa yayi sai da na rantse.

Muna ci a takarda da albasa nake bashi labarin tama da na gani jiya, sai yayi shiru, yace ai kalangu kiɗanmu ne mu mahauta, yace yana yaro in za a yi yanka ran kasuwa da kalangu ake sanar da gari, kowane mahauci da takensa, ya ɗan buga min na babansa da yatsu a kan teburin. Yace da yaje gida bikin 'yarsa bara DJ aka ɗauko da lasifika, makaɗin garinsu ya tsufa 'ya'yansa kuma ɗaya na achaba ɗaya na Libiya.

Maganar nan ita ta tsaya min a rai ko da na koma ɗaki, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan ba wai kare kaina ba. Senegal ƙasar Musulmi ce sama da kashi 90 cikin ɗari, nan ne Kaulaha ta Shehu Ibrahim Inyass da mutanenmu suke tururuwa zuwa Maulidi, nan ne Tuba ta Shehu Ahmadu Bamba, daren Juma'a unguwarmu ba ka jin komai sai ƙasidu da zikiri a lasifika har tsakar dare. Amma basu yar da gangarsu ba, Doudou Ndiaye Rose da ya rasu a 2015 da sabar kaɗai ya zaga duniya kuma ya bar 'ya'ya da jikoki suna bugawa. Mu fa? Shata ya rasu 1999, Ɗan Maraya Jos ya tafi da kuntiginsa a 2015 ɗin nan dai, yau in kana son jin kalangu da hannu ake bugawa sai dai gidan dambe ko hawan sallah ko filin kokawa a Nijar. Mawaƙanmu na yanzu akwai murya akwai baiti, ban raina musu ba nima ina ji, amma kiɗan duk daga fiyano ɗaya yake fitowa a situdiyo, a wajen biki kuma a saka faifai mutum ya riƙe makirfo yana bi. Mun raina makaɗi mun ce maroƙi ne ba ma bashi aure, sannan mu dawo muna cewa yara sun bi kiɗan wasu. To me aka ajiye musu? Saurayin nan mai tama abokina yace da ita yake biyan haya yake ciyar da uwarsa, sati-sati yana da wajen bugawa. Ɗan makaɗin garin su Baba me zai riƙe in ya zauna ya gaji ubansa, waye zai kira shi?

Da za ku taimaka Malam Edita, ku tura wakilinku ya nemo masu kalangu da kotso da garaya da kukuma da gurmi da suka rage, a ji ina suke, wa ke koya a wajensu, nawa ake basu in an kira su, ko masu ɗakunan taro za su ji kunya su riƙa ware musu ko dare ɗaya a wata.

Asuba anan sai wajen shida saura, agogonmu yana bayan na gida da awa ɗaya, dan haka daga rumfar Baba masallaci muka wuce da ƙaurin hayaƙi a riga, na samu jam'i amma fa a raka'a ta biyu ina ta layi. Lahadi gaba ɗaya barci nayi, shirin da muka yi na hawa kwalekwale zuwa tsibirin Ngor ya sha ruwa, da yamma na sha kafe Tuba kofi biyu, kofi ne da ake sa wa kimba, shi ya dawo min da hankalina. Litinin oga ta kalli idona tace ko zazzaɓi nake, abokina yace a'a sabar ce ta kama shi, duk ofis aka sa min dariya.

Na sayi tama ƙarama zan taho da ita, har yanzu dai maƙwabta ne suke shan wahalar koyona. Dan Allah kar ku saka sunana, kawuna baya fashin jaridar nan kuma duk abinda ya karanta sai ya kai wa Hajiya, ita kuwa a saninta daga ofis sai masallaci nake.

Naku,
wani ɗalibi ɗan Kano, daga Dakar