Wasiƙa Kan Birai da Binciken Cututtukan Ɗan Adam

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka nemi jin ra'ayina kan masanan da ke sauya ƙwayoyin gadon birai domin su sanya musu cututtukan ɗan Adam da gangan, kuma na ga ya dace in ba ka amsa a tsanake, don al'amarin ya daɗe yana damuna.

Hujjar masanan tana da ƙarfi. Shekaru da dama ana gwada magunguna a kan ɓeraye, amma ƙwaƙwalwar ɓera ta yi nisa da tamu ƙwarai, shi ya sa magungunan cututtukan ƙwaƙwalwa da yawa da suka yi aiki a kansu suka gaza da aka zo kan mutane. A shekarar 2008 masu bincike a Jami'ar Emory da ke Amurka suka samar da birai masu ɗauke da cutar Huntington (wata cutar ƙwaƙwalwa da ake gadonta), waɗanda suka nuna fisge-fisgen jiki irin na majinyata, wasunsu ma ba su daɗe a duniya ba saboda tsananin cutar. Da fasahar CRISPR ta gyara ƙwayoyin gado ta zo, sai aikin ya yi sauƙi, har a 2014 aka sanar da haihuwar tagwayen birai a ƙasar Sin waɗanda aka gyara ƙwayoyin gadonsu tun suna ƙwai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya faru a Shanghai, aka kuma sanar da shi a 2019. An kashe wa biri ƙwayar gado mai suna BMAL1, wadda ke daidaita lokacin barci da farkawa a jiki, sai ya kasa samun barci yadda ya kamata, ya shiga firgici da damuwa, sannan aka kwafi halittarsa aka samu birai biyar masu gado iri ɗaya da shi. Masanan sun ce hakan zai rage yawan biran da ake buƙata a gwaji, tunda babu bambancin gado a tsakaninsu, kuma ban ƙaryata su ba. Sai dai ka lura, aminina, damuwar nan da biran ke ciki ita ce ainihin abin da ake son aunawa, wato kusancinsu da mu, wanda ya sa suke da amfani, shi ne kuma ya sa wahalarsu ta yi nauyi. Wannan tunanin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana gwaji kan manyan birai irin su gorila da chimpanzee a dokarta ta 2010, in ban da yanayi na matuƙar larura.

Ni dai ban ce a haramta aikin baki ɗaya ba, domin iyalan da cutar Huntington ke bi gado-gado suna jiran magani har yau. Amma ina ganin kada a yarda da shi sai an tabbatar babu wata hanya, kuma a riƙa bayyana wa jama'a birai nawa aka yi amfani da su da yadda suka ƙare.

Ina jiran jin naka ra'ayin. Ka gaida mini mutanen gida duka.

Naka a kullum,
Amininka